Wane bayanin firosesa ya kamata shafin BMC ya nuna, kuma wa ya cancanci ganinsa?

Maginin_Manhaja:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'a. Ina aikin ƙara shafi a manhajar sarrafa saba (server) da muke ginawa a kan OpenBMC, wato buɗaɗɗiyar manhajar BMC, ƙaramar kwamfutar nan da ke kan allon saba domin kula da ita daga nesa, shafin da zai nuna wa mai kula da na'ura bayanan firosesa ba tare da ya kwance murfin sabar ko ya shiga babbar manhajarta (irin su Windows ko Linux) ba. Ra'ayina shi ne duk abin da BMC ya sani game da firosesa a fito da shi ga duk wanda ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa: kamfanin da ya ƙera ta, samfurinta, gurbin da take zaune a kan allo, yawan cibiyoyi (cores) da zaruruwanta (threads), saurinta, lambar maikrokod (wato umarnin cikin firosesa da ake iya sabuntawa), har da lambar PPIN wadda ke bambanta kowace firosesa da 'yar'uwarta. Hujjata ita ce tun farko an ɗora BMC a kan allon saba ne domin a ga abin da ke cikinta daga nesa, ko da tana kashe, muddin wayar wuta tana jone. Abokin aikina yana ganin na zaƙe, wai akwai abin da bai kamata ya fita ba. Ina neman ra'ayin waɗanda suka riga ni a wannan aiki.

Mai_Kula_da_Sabobi:
Wa alaikumus salam. Ina tare da kai, Malam. Mu da muke amfani da irin wannan shafi kullum mun san amfaninsa. Tun daga Windows Server 2016 lasisi ya koma bisa yawan cibiyoyi, don haka idan masu binciken lasisi suka nemi lissafi, ba zai yiwu a bi sabobi ɗaya bayan ɗaya ana shiga babbar manhaja ba, balle wadda ta ƙi tashi. Haka kuma idan firosesa ta lalace aka zo sayen madadinta, a saba mai gurbi biyu dole sabuwar ta dace da wadda ta rage, kuma wannan shafin ne wurin da ake fara dubawa. iDRAC na Dell da iLO na HPE, wato BMC na waɗannan kamfanoni, duk suna nuna samfuri da cibiyoyi da sauri, ban ga abin da zai sa naka ya kasa nasu ba.

Injiniyan_Allo:
Kafin a yi gardama a kan abin da za a nuna, ya kamata a fara tambayar inda bayanin ya fito, domin jimlar Maginin_Manhaja ta "duk abin da BMC ya sani" tana ɓoye wani abu mai muhimmanci. BMC kwamfuta ce dabam mai nata ƙaramin guntu, kuma akasarin abin da yake faɗa game da firosesa faɗa masa aka yi. A yawancin sabobin x86, BIOS, manhajar farko da ke tayar da saba, shi ne ke gina teburin bayanan kayan na'ura da ake kira SMBIOS lokacin da saba take tashi, kuma kashi na 4 na wannan teburi shi ne ke ɗauke da bayanin firosesa. BIOS ya tura teburin zuwa BMC, a OpenBMC manhajar smbios-mdr ta karɓe shi ta warware shi ta ɗora a kan D-Bus, hanyar da manhajojin cikin BMC ke musayar bayani, ƙarƙashin xyz.openbmc_project.Inventory.Item.Cpu, sannan bmcweb, mai amsa bukatun Redfish (ƙa'idar sarrafa saba ta hanyar sadarwa), ya karanta daga nan ya mayar da shi JSON a adireshin /redfish/v1/Systems/system/Processors, daga ƙarshe webui-vue, wato shafin sarrafawar kansa, ya zana shi a burauza. A wasu injinan, kamar na IBM, bayanin yana biyowa ta wata ƙa'idar sadarwa mai suna PLDM ne, amma asalin maganar ɗaya ce.

Abin da wannan ke nufi shi ne shafinka yana nuna yadda al'amura suke a tashin saba na ƙarshe da ya kai ga tura teburin. Idan aka kashe saba aka canza firosesa, sannan ta kasa wuce gwajin farko na BIOS, shafin zai iya ci gaba da nuna tsohuwar firosesar da ba ta cikin gurbin, kuma a daidai wannan lokacin ne mai gyara ya fi bukatar gaskiya. Saboda haka ni abu na farko da zan nema a shafin shi ne ya faɗi lokacin da aka karɓi bayanin da kuma hanyar da ya biyo. Wannan ya fi mini muhimmanci a kan ƙarin filaye goma.

Hajiya_Tsaro:
Ban yarda da "duk wanda ya shiga" ba, kuma filaye biyu ne suka dame ni. Na farko lambar maikrokod. Tun bayan Spectre da Meltdown a watan Janairun 2018, gyaran manyan raunukan firosesa yana zuwa ne ta sabunta maikrokod, haka aka yi da Zenbleed a firosesoshin Zen 2 na AMD a watan Yulin 2023, haka aka yi da Downfall a na Intel a watan Agustan 2023. Wanda ya ga samfurin firosesa da lambar maikrokod tare ya san wace saba ce ba a toshe ba, ba tare da ya gwada komai a kanta ba. Na biyu PPIN, wadda lamba ce ta dindindin da ba ta canzawa ko an goge faifai an sake ɗora komai. Samfuri da yawan cibiyoyi ba ni da ja a kansu.

Dattijon_IPMI:
Hajiya, da girmamawa, wanda ya riga ya shiga BMC yana iya kashe saba, ya ɗora mata faifan bogi daga nesa, ya kalli allonta kamar yana zaune a gabanta. Lambar maikrokod ita ce mafi ƙanƙantar abin da ya samu a hannunsa.

Hajiya_Tsaro:
Baba Dattijo, abin da ka lissafa ikon mai matsayin Administrator ne, ko Operator a wani ɓangaren. Redfish ya tanadi matsayi na uku, ReadOnly, kuma shi ne ake bai wa manhajojin sa ido da masu tattara lissafin kaya da ma'aikatan kwangila. Kalmar sirrin irin wannan asusu takan zauna a rubuce cikin fayilolin saiti na na'urori da yawa, sau da yawa iri ɗaya a kan dukkan sabobi, domin an ɗauka ba ta da haɗari. A ƙa'idar Redfish, karanta bayanin Processor yana bukatar izinin Login ne kawai, wato mafi ƙarancin izini. Don haka wanda ya sace wannan kalmar sirri guda ba zai iya kashe ko saba ɗaya ba, amma zai iya zagaya dukkansu ya fitar da jerin waɗanda ba a sabunta ba. Wannan shi ne abin da nake tsoro.

Ɗalibar_Linux:
Ina da tambaya da ta shafi wannan fili. A sabar gwajin da nake koyo a kanta, lambar maikrokod da shafin BMC ke nunawa ta bambanta da wadda nake gani a fayil ɗin /proc/cpuinfo na Linux. Wacce ce ta gaskiya?

Injiniyan_Allo:
Malama Ɗaliba, kowacce gaskiya ce a lokacinta. Maikrokod ba ya zama a cikin firosesa bayan an ɗauke wuta, a kowane tashi ake sake ɗora shi. BIOS yana ɗora wanda yake ɗauke da shi, daga baya Linux, a farkon tashinsa, yana ɗora wanda ya fi sabunta idan akwai shi a cikin kunshinsa. Idan BMC ɗinki daga BIOS ya samu lambar, to ta farkon ya gani, alhali /proc/cpuinfo yana nuna wadda firosesa ke aiki da ita yanzu. A firosesoshin Intel ana iya tambayar lambar kai tsaye ta layin PECI, wanda ke haɗa BMC da firosesa, yayin da saba take kunne, a nan ne kawai BMC ke ganin abin da idonsa. Wannan ya kuma taɓa maganar Hajiya ta wata fuska: lambar da ta tsufa tana iya sa mai binciken tsaro ya rubuta cewa saba tana da rauni alhali an toshe, sai a ɓata lokacin mutane a kan abin da babu.

Mai_Gwajin_Inganci:
Tunda an shigo maganar sahihancin bayani, bari in kawo tarkuna biyu da na ga suna kama masu rubuta irin wannan shafi. Na farko filin Max Speed na SMBIOS. A ma'anar da ƙa'idar ta ba shi, shi ne mafi girman saurin da allon zai iya ɗauka a wannan gurbin, ba saurin firosesar da ke ciki ba. Wanda ya kwafe shi kai tsaye ya zuba a filin MaxSpeedMHz na Redfish zai iya nuna adadin da firosesar ba ta taɓa kaiwa ba. Shi kuma Current Speed saurin lokacin tashi ne, ba na wannan daƙiƙar ba, domin firosesar zamani tana hawa da sauka gwargwadon nauyin aiki.

Na biyu ya fi cutarwa. Tsofaffin filayen Core Count da Thread Count bayit ɗaya ne kowanne, ba sa wuce 255. SMBIOS 3.0 na shekarar 2015 ya ƙara Core Count 2 da Thread Count 2 masu bayit biyu, aka ce idan tsohon filin ya nuna FF, wato 255, a duba sabon. EPYC 9754 na AMD tana da cibiyoyi 128 da zaruruwa 256, wato ta haura iyakar da guda ɗaya tak. Manhajar da ba ta duba sabon filin za ta rubuta 255, adadin da ya yi kusa da gaskiya har ba wanda zai yi zargi. Akwai kuma bambanci tsakanin cibiyoyin da firosesa ke da su da waɗanda aka bari a kunne a BIOS, kuma wannan ya shafi lissafin lasisin da Mai_Kula_da_Sabobi ya ambata. Redfish yana da TotalCores da TotalEnabledCores, a nuna su biyun.

Mai_Kula_da_Sabobi:
Maganar cibiyoyin da aka kunna gaskiya ce, mun taɓa samun saɓani tsakanin lissafin shafin sarrafawa da na babbar manhaja a kan wannan daidai. Ina kuma roƙon masu rubuta shafukan nan su daina sanya sifili a inda ba su san amsa ba. Firosesa mai cibiyoyi sifili takan sa manhajar sa ido ta tayar da ƙararrawa ba gaira ba dalili.

Mai_Gwajin_Inganci:
Redfish ya riga ya warware wannan. Filin da manhajar ba ta tallafa masa ba a bar shi gaba ɗaya, wanda take tallafa wa amma ba a san ƙimarsa a yanzu ba a mayar da null, wato alamar ba a sani ba. Haka kuma rubutun cike gurbi da wasu BIOS ke bari, irin su To Be Filled By O.E.M. ko Not Specified, bai kamata ya isa shafi a matsayin lambar siriyal ba.

Dattijon_IPMI:
Ni dai har yanzu ina ganin ana gyaran abin da ba shi ne tushen matsala ba. Na fara wannan aiki da IPMI, tsohon tsarin sarrafa saba daga nesa, wanda ya fito a 1998, aka yi masa sigar 2.0 a 2004. A 2013 masu bincike suka nuna cewa tsarin shigarsa na RAKP yana miƙa wa duk wanda ya tambaya sarrafaffiyar kalmar sirri a tashar UDP 623, ya tafi da ita ya fasa a natse, kuma wannan lahani a cikin ƙa'idar kanta yake. Redfish da ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta DMTF ta fitar a 2015 ya zo da HTTPS da JSON, ya fi tsabta nesa ba kusa ba, amma bai hana kurakuran masu aiwatarwa ba. A 2017 an gano hanyar tsallake shiga a iLO 4, a 2025 kuma an bayyana makamanciyarta a Redfish na MegaRAC, manhajar BMC ta kamfanin AMI, har hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta saka ta cikin jerin raunukan da ake amfani da su wajen kai hari. A irin wannan yanayi rabon matsayi ba ya tsare komai, domin maharin bai bi ta ƙofar shiga ba. Abin da ke tsare BMC shi ne a ware shi a hanyar sadarwa ta kansa wadda ba ta haɗuwa da intanet, a sabunta manhajarsa, a canza kalmar sirrin da ya zo da ita daga masana'anta.

Hajiya_Tsaro:
Duk abin da ka faɗa daidai ne, Baba, kuma ina yin sa. Sai dai manhajar sa ido da nake magana a kanta a cikin wannan keɓantacciyar hanyar take zaune, da izini. Warewar ba ta amsa tambayar abin da za a miƙa mata ba.

Mai_Rubutun_Cpp:
Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, wato nauyin da "nuna komai" ke ɗora wa BMC. Guntun BMC na kamfanin ASPEED mai suna AST2500 cibiya ɗaya ce ta ARM11 mai gudun 800 MHz, AST2600 kuma cibiyoyi biyu na Cortex-A7 masu 1.2 GHz. A kan wannan ɗan ƙarfin ake karanta zafin na'ura, ana juya fankoki, ana tura hoton allo. bmcweb ba ya ajiye bayanin kaya a wurinsa, a kowace bukata sai ya tambayi ObjectMapper inda abin yake, sannan ya tambayi manhajar da ke riƙe da shi ta D-Bus. Idan shafinka yana buɗewa ya nemi SubProcessors na kowace cibiya da kowane zare a saba mai gurbi biyu, ɗaruruwan tambayoyi ke nan domin tebur guda da ba kowa ke karanta shi ba. Shawarata ita ce shafin farko ya tsaya a ProcessorSummary da layi ɗaya ga kowane gurbi, bayanin cibiyoyi kuma sai wanda ya danna ya nema. PECI ma layi ɗaya ne mai tafiyar hawainiya wanda ake karanta zafin firosesa ta kansa, bai dace a riƙa damun sa a duk lokacin da wani ya sabunta burauza ba. A karanta sau ɗaya bayan tashi a ajiye.

Maginin_Manhaja:
Na gode ƙwarai da gaske. Zan saka lokacin karɓar bayani da tushensa kamar yadda Injiniyan_Allo ya nema, zan duba filayen masu bayit biyu, zan kuma jinkirta neman bayanin cibiyoyi. Amma a kan PPIN ina nan a kan bakana. Idan firosesa ta fara ba da kurakurai, wannan lambar ce ke tabbatar da wace ce daga cikin dubbai masu samfuri ɗaya, kuma ana iya bin tarihinta ko an ciro ta an mayar da ita wata sabar. Redfish da kansa ya ware mata fili, ProtectedIdentificationNumber a ƙarƙashin ProcessorId. Abin da nake tunani shi ne shafin ya ɓoye layin PPIN da na maikrokod idan mai kallo ReadOnly ne.

Mai_Rubutun_Cpp:
Malam, idan a webui-vue za ka yi ɓoyewar, ba ka ɓoye komai ba. Shafin JavaScript ne da ke gudana a burauzar mai kallo, JSON ɗin kuma ya riga ya iso wurinsa cikakke, kuma umarnin curl guda zai fito da shi ba tare da shafin ba. Kamar rataya labule ne a ƙofar da ba ta da ƙyaure. Dole bmcweb ne zai ƙi fitar da filin. Rajistar izini ta Redfish tana da tanadin PropertyOverrides na ɗora wa fili guda izini dabam da na sauran, amma ka shirya wa manhajojin waje da suka saba ganin filin da asusun karatu, domin za su fara kawo ƙorafi.

Mai_Hayar_Sabobi:
Ina goyon bayan Hajiya a kan PPIN, kuma dalilina daga aikin bayar da hayar saba sukutum ga abokan ciniki ne. Mai haya na yau da na gobe ƙarfe ɗaya suke hawa, kuma lamba ta dindindin tana ba wanda ya gan ta damar gane na'urar a duk lokacin da ya sake faɗowa kanta. Wannan ba sabuwar damuwa ba ce: a 1999 lambar siriyal da Intel ta saka a Pentium III ta jawo ce-ce-ku-ce kan sirrin masu amfani, har kamfanin ya janye ta daga firosesoshin da suka biyo baya. PPIN ta zo da takatsantsan, BIOS ne ke buɗe ta ko ya kulle, kuma a Linux fayil ɗinta a sysfs mai matsayin root kaɗai ke iya karantawa. Idan babbar manhaja ta tsare ta haka, ban ga hikimar BMC ya raba ta ga mafi ƙarancin asusu ba.

Ina kuma so in ƙara wani abu a kan bayanin Injiniyan_Allo. Tunda rubutun samfuri da siriyal daga ɓangaren saba suke zuwa, BMC bai kamata ya amince da su ido rufe ba. Mai haya da ke da cikakken iko a kan saba yana iya ƙoƙarin tura teburin da ya ƙirƙira, mai dogon rubutu fiye da kima ko mai ɗauke da alamun HTML, da fatan ya karya manhajar da ke warware shi ko ya gudu a burauzar mai kula. A duba tsawon kowane rubutu a BMC, a kuma nuna shi a shafi a matsayin rubutu zalla.

Mai_Kula_da_Sabobi:
Ban ƙi a tsare PPIN ba, amma maikrokod dabam ne. Manhajar da ke gaya mana wace saba ce ba a sabunta ba da asusun ReadOnly take aiki. Idan aka hana ta gani, mafita ɗaya ita ce a ɗaga ta zuwa Operator, wanda ke iya kashe saba da sake tayar da ita. Hajiya, wannan bai fi abin da kike tsoro muni ba?

Hajiya_Tsaro:
Ya fi muni, Malam, idan matsayi ukun nan ne kaɗai zaɓi. Ƙa'idar ta yarda a ƙirƙiri ƙarin matsayi da izini na musamman, sai dai ba kowace manhajar BMC ce ta aiwatar da hakan ba. Inda babu shi, na fi son a bar maikrokod ga ReadOnly amma kowace manhaja ta samu asusunta dabam, da kalmar sirri dabam a kowane rukunin sabobi, ko a yi amfani da takardar shaidar TLS a maimakon kalmar sirri, a kuma riƙa ajiye tarihin wanda ya shiga. A kan PPIN kuwa ban sauya ba.

Ɗalibar_Linux:
Wata tambayar kuma, Malam Maginin_Manhaja. A saba mai gurbi biyu da aka saka wa firosesa ɗaya, shafinka zai nuna layi ɗaya ne ko biyu?

Maginin_Manhaja:
Biyu nake so, na biyun da State ɗinsa Absent, domin mai shirin ƙara firosesa ya san akwai gurbi a buɗe. SMBIOS yana da bit na 6 a filin Status da ke nuna ko gurbin a cike yake.

Injiniyan_Allo:
Wannan bit ɗin ma daga tashin ƙarshe ya fito, don haka idan allonka yana da layin da ke nuna zaman firosesa a gurbi wanda ya isa BMC kai tsaye, shi ya kamata ya yanke hukuncin Absent, domin yana aiki ko saba tana kashe. Ka kuma raba gurbin da ba kowa da firosesar da take nan amma BIOS ya kashe ta saboda ta faɗi gwaji, wanda ƙananan bit uku na wannan filin ke nunawa da lamba 3. Ta biyun Disabled ce mai Health ɗin Critical, kuma ita ce ya kamata ta fito da ja a saman shafi. Abin da ban ga an daidaita a kansa ba shi ne yadda za a yi idan layin ya ce akwai firosesa amma teburin da ke hannu na wadda aka cire ne. Ni zan mayar da samfuri da siriyal null har sai sabon teburi ya iso, amma na san Mai_Kula_da_Sabobi zai fi son ya ga tsohon bayanin da gargaɗi a gefensa.

Mai_Kula_da_Sabobi:
Haka ne, tsohon bayani da kwanan wata a gefensa ya fi mini amfani a kan layin da ba komai, musamman idan ina neman sanin abin da ke gurbin kafin a taɓa shi. Amma ta yaya BMC zai san an canza firosesar idan an zare wayar wuta gaba ɗaya lokacin da ake aikin, alhali shi ma a kashe yake?